Manhajar Plum Village da ƙararrawarta: ko tana iya raba hannu da waya?

Manhajar Plum Village, wadda ke koyar da natsuwa, ta fito ne daga wani gidan ibada mai wannan suna na mabiya addinin Buddha da ke kudu maso yammacin Faransa, wanda Thich Nhat Hanh, malami ɗan ƙasar Biyetnam, ya kafa a shekarar 1982 yana zaman gudun hijira. Shi ne mutumin da Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya ba da sunansa a 1967 domin a ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya, kuma ya rasu a watan Janairun 2022 yana da shekara 95. Ana sauke manhajar kyauta a wayoyin Android da iPhone, ba ta da talla kuma ba a biyan kuɗin wata, gudummawar jama'a ce ke riƙe da ita. Na gwada ta ne da manufa guda, wato in ga ko za ta taimaka wa mutumin da waya ta mallake, irin wanda muke gani a kowace fada ta Maraɗi, shayi na tafasa a gabansa amma idonsa na kan TikTok.

Abin da ya fi komai amfani a cikinta shi ne ƙararrawa. Mutum ne zai zaɓi tsawon lokacin da za ta riƙa bugawa, ko bayan kowane minti 15 ko bayan kowace awa, kuma ƙa'idar da aka ɗauko daga gidan ibadar ita ce duk wanda ya ji bugun ya dakata da abin da yake yi, ya ja numfashi ya saki sau uku yana lura da shigarsa da fitarsa. Da farko abin yakan zama kamar wasan yara, amma yana da dalili mai ƙarfi. An gina shafukan sada zumunta ta yadda ba su da ƙarshe, bidiyo na ƙarewa wani na farawa, saboda haka babu wurin da mutum zai tsaya ya tambayi kansa ko ya ƙoshi. Ƙararrawar tana samar da wannan wurin tsayawa, kuma sau da yawa numfashi ukun nan sun isa mutum ya gane cewa rabin awa ta wuce ba tare da ya nemi wani abu takamaimai ba. Thich Nhat Hanh ya koyar da irin wannan tun zamanin wayar tarho ta gida, inda yake cewa a bar ta ta yi ƙara, a yi numfashi tukuna, sannan a ɗauka. Tushen tunanin yana cikin koyarwar Buddha, wadda ta ɗora wahalar ɗan Adam a kan kwaɗayin da ba ya ƙosarwa, ta kuma ce maganinsa ya fara ne daga lura da shi lokacin da yake tasowa, kafin hannu ya bi umarninsa.

Akwai kuma darussan zaman natsuwa da murya ke jagoranta, gajeru da dogaye, da na sakin jiki kafin barci, waɗanda suka dace da masu kwana da waya a ƙirji. Muryoyin a tsanake suke, kuma ana iya sauke darasi a saurare shi ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga mai lissafin megarsa.

Dole ne a faɗi gaskiya game da addini, domin a garin da malamai da makarantun allo suka yi yawa kamar namu wannan ce tambayar farko. Manhajar ba ta ɓoye asalinta ba. Tana ɗauke da wa'azin malaman Buddha da rere-reren ibadarsu, kuma a ganina Musulmi ba shi da buƙatar wannan sashe. Lura da numfashi kuwa ba ya neman mutum ya furta wata aƙida, shi ya sa Jon Kabat-Zinn, wani masanin kimiyya ɗan Amurka, ya iya shigar da shi aikin asibiti a jami'ar Massachusetts ta Amurka tun 1979. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ko kuma ya sa agogon wayarsa ya riƙa tunatar da shi, ya haɗa numfashin da istigfari.

Raunin manhajar biyu ne. Babu Hausa a cikinta, sai wanda ke jin wani harshen waje kamar Faransanci ko Turanci zai amfana da darussan, ko da yake ƙararrawar ba ta buƙatar wani harshe. Na biyu ya fi girma, domin maganin yana zaune ne a cikin wayar da ake gudu, kuma wanda ya buɗe ta da niyyar natsuwa yana iya ganin saƙon WhatsApp ya bi shi. Saboda haka ina shawartar a kashe sanarwar sauran manhajoji tun kafin a fara, a saita ƙararrawar daga safiya zuwa isha'i, sannan a kife wayar a gefe lokacin da ake sauraron darasi. Ga ɗalibin jami'a ko ɗan kasuwar da ke son rage latse-latse ba tare da kashe ko dala ba, ta cancanci a gwada ta na tsawon wata guda.