Yawon keke a tsibiran Japan: yadda na ga hanyar Shimanami Kaido

Jama'a duk mai niyyar wannan tafiya, don Allah kar ya wahalar da kansa wajen ɗauko kekensa daga gida. Jiragen ƙasan Japan ba sa yarda ka shigo da keke haka nan, sai ka kwance taya ka cusa shi cikin wata jaka ta musamman ka saɓa a kafaɗa, na ga wani bawan Allah yana fama da nashi a matakalar tasha gumi sharkaf, tausayi ma ya ba ni. Ni Shinkansen, jirgin ƙasan Japan mai gudun gaske, na hau zuwa garin Fukuyama, na canza ƙaramin jirgi zuwa Onomichi inda hanyar ke farawa, can na karɓi keken haya, kuma abun daɗin shi ne ba sai ka dawo da shi inda ka ɗauka ba, kana iya ajiyewa a Imabari ƙarshen hanya.

Hanyar wajen kilomita 70 ce, tsibirai 6, an buɗe ta a 1999. Da jirgin fito ake farawa, 'yan mintuna kaɗan ka sauka Mukaishima, daga nan kuma sai gadoji. Ba ka buƙatar taswira sam, akwai shuɗin layi da aka shafa a gefen titi, shi kawai za ka bi ta bi har ka isa.

Gadojin nan fa suna da tsayi sosai saboda manyan jiragen ruwa na wucewa ta ƙasa, to kafin ka hau kowacce sai ka bi wata siririyar hanya mai lanƙwasa tana ta zagaye da kai. Hawan ba mai tsanani ba ne amma yana da naci wallahi, ka gama wannan ka gangara ka ji daɗi, can sai ga wata. A gadar Innoshima ta ƙarƙashin motoci ake bi, kana jin rugugin su a saman kanka. Ikuchijima kuwa gonakin lemun tsami ne ko ina, nan na fi daɗewa.

Matsalata ɗaya sirdin keken, tauri kamar dutse, giya da birki lafiya lau amma zama ya gagara tun kafin rabin hanya. Gwada sirdi da kyau kafin ka bar wajen haya. Sannan masu cewa a gama a yini ɗaya ni dai ban goyi baya ba, domin Oshima tsibirin ƙarshe shi ne mai tuddai, lokacin ƙafa ta riga ta mutu, ga gadar Kurushima mai kusan kilomita 4 tana jira, iska kuma tana kaɗa ka. Gara ka kwana a hanya ka ƙarasa da safe.

Komawa babu layin dogo a kan gadojin, ko dai ka hau bas, ko ka ɗau jirgin ƙasa daga Imabari ya zagaya da kai ta Okayama.