Baƙin Labradoodle ko mai ruwan madara: wanne ya fi dacewa da Kaduna?

Labradoodle kare ne da ake samu daga haɗa jinsin karnuka biyu, Labrador da Poodle. Baƙin gashi yana shan zafin rana, saboda haka a watannin Maris da Afrilu sai dai a fita da karen da asuba ko bayan magariba. Da damina kuma kaska tana ɓuya a cikinsa, dole a riƙa laluben fatar da hannu, musamman bayan kunne, wuya da tsakanin yatsun ƙafa. Baƙin ma ba lallai ya ɗore ba. Wasu sun gaji dusashewar launi daga ɓangaren Poodle, sai kwikwiyo baƙi wuluk ya koma ruwan toka kafin ya cika shekara 2.

Mai ruwan madara an fi saurin ganin kaska a jikinsa, amma jar ƙasa da ƙurar hunturu ba sa raga masa, ga jan tabon hawaye a ƙasan ido da ake gogewa kullum da ɗanyen tsumma. Wahalar taje gashi kam duk ɗaya ce.

Mai dabbare-dabbaren da ake kira merle ne ke buƙatar hattara: idan aka haɗa merle biyu, kusan kwikwiyo ɗaya cikin huɗu yakan gaji launin ta uwa da uba, irinsu kuwa sukan fito kurame ko makafi. A ga iyayen kafin a biya kuɗi.