WhatsApp Business a shagon gida: abin da ɗan'uwan da ya zo hutu zai iya kafawa, da abin da ke rushewa bayan ya koma

Duk lokacin Sallah da ƙarshen shekara jirage na sauke 'yan gida a filin jirgin Malam Aminu Kano, da na Abuja, da na Diori Hamani a Yamai. Masu aiki a Jidda, ɗalibai daga Malesiya, ma'aikatan jinya daga Ingila, direbobi daga Amurka. Hutun mako biyu ne ko uku. Bayan an gama gaishe-gaishe da rabon tsaraba, mutum zai leƙa shagon Baba ko na Yaya, ya tarar tallar tana nan yadda ya bar ta: kyallen roba a bakin rumfa wanda rana ta cinye launinsa, da damin takardun talla a ƙarƙashin kanta, farashin bara a jikinsu. Abin da mafi yawa ke yi shi ne su ɗauko waya su sauke WhatsApp Business, manhajar WhatsApp ta 'yan kasuwa, su ce ga magani.

Maganin ne kuwa, ga shagon atamfa da shadda a Kantin Kwari, ko mai turare, ko mai takalma, ko matar da ke yin dambun nama a cikin gida. Manhajar kyauta ce, ta fito a watan Janairun 2018 a wayoyin Android, kuma kwastoma ba ya buƙatar sauke komai sabo, tunda WhatsApp ɗin da ke wayarsa ya isa. Sai dai amfaninta ya rataya ne a kan abu ɗaya da baƙon ke yawan yi wa gaggawa: da wane layi aka buɗe ta, kuma a hannun wa aka bar ta.

A fara da layin. Lamba ɗaya ba ta zama a WhatsApp na kowa da WhatsApp Business a lokaci guda, dole a zaɓi ɗaya. Saboda haka shago na buƙatar layinsa na kansa. Kuskure mafi muni shi ne a buɗe da lambar da baƙon ya zo da ita daga waje, don ita ce a kusa. Ranar da wayar shago ta faɗa ruwa ko aka sace ta, lambobi 6 na tabbatarwa za su tafi wayar da ke Landan ko Riyadh, wataƙila mai ita yana barci ko yana bakin aiki. Kuma kwastoman da ya ga lambar waje tana yi masa tallar shadda, damfara zai fara zato. Kuskure na biyu ya fi ɓoyuwa: a aiki yaron shago ya yanko sabon layi. Tun Disambar 2020 kowane layi a Najeriya yana haɗe da lambar NIN ta wanda ya yi rajistarsa, kuma idan layin ya ɓace, shi ne zai je ofishin kamfanin waya a sake yanka masa. Ranar da yaron ya bar aiki, da shi da layin da duk kwastomomin da aka tara za su tafi tare, kuma a takarda nasa ne. Layin shago a yi shi da NIN na mai shagon, ko na ɗan gida wanda ba ya zuwa ko'ina. A kuma riƙa sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci, domin layin da ya yi watanni a kwance kamfani na iya janye shi ya sayar wa wani.

Wayar ma akwai magana. Tsohuwar wayar da aka kawo tsaraba takan zo da matsala biyu. Wasu a kulle suke da kamfanin sadarwar ƙasar da aka saye su, ba za su karɓi MTN ko Airtel ba. Sannan iPhone 14 da waɗanda suka biyo bayanta, in dai samfurin Amurka ne, ba su da ramin sa kati sam, sai an je ofishin kamfanin waya an mayar da layin na cikin waya, wato eSIM. Ga aikin shago, Tecno ko Infinix da aka saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ta fi zama lafiya, don in gilashinta ya fashe a ranar za a canza shi. A nemi mai RAM 4 da ma'ajiya 64 aƙalla. Hotunan kaya da saƙonnin murya suna cika waya da saurin da ba a zato.

Ana gama rajista, kafin a ɗora ko hoto ɗaya, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu: lambar sirri 6 tare da adireshin imel. Ita ce katangar da ke hana masu kiran nan da ke cewa za a yi taron ƙungiya ta intanet, a karanto musu lambar da ta shigo yanzu. Duk wanda ya karanta, ya miƙa asusun, kuma abu na farko da ɓarawon zai yi shi ne ya aika wa kwastomomi wata lambar asusun banki. Lambar sirrin a rubuta ta a littafin bashi na shago, mutum biyu su sani. In an manta ta kuma ba a sa imel ba, sai an jira kwana 7.

Abin da ya fi komai daraja a manhajar shi ne kundin kaya, wanda aka ƙaro a 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotuna har 10, da suna, da farashi, da bayani, da lambar kaya. A nan ne takardar talla ta sha kaye. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, farashin da aka buga a takarda ba ya daɗewa yana gaskiya. A kundi kuwa minti ɗaya ya isa a gyara shi, kuma abin da ya ƙare a ɓoye shi har sabo ya zo. Amma kada a yi ɗokin cika 500. Kaya 30 zuwa 40 masu tafiya, waɗanda farashinsu ke daidai kullum, sun fi 300 da aka ɗora a makon da baƙo ke gari sannan aka watsar. Kwastoman da ya tambayi abu biyu a jere aka ce masa babu, ko ya tashi, ba zai sake buɗe kundin ba.

Hoton yadi yana son kulawa, don rabin rigimar da ake yi da kwastoma a kan launi ne. A ɗauka da safe a inuwa, a bakin ƙofa, ba a ƙarƙashin farin kwan fitila ba, wanda ke mayar da ruwan ƙasa ya koma kamar toka. A shimfiɗa a kan farin kyalle, a ɗauki ɗaya daga nesa don zanen ya fito, ɗaya daga kusa don saƙar ta fito, ɗaya kuma na bakin yadin inda tambarin kamfani yake. Kowane zane a ba shi lamba, a manna lambar a jikin turmin da ke kan kanta. Idan Hajiya ta turo cewa tana son lamba 17, an huta da "mai ganye-ganyen nan da kuka sa shekaranjiya". A bayani a rubuta yadi nawa ne, 6 ko 5, a kuma faɗi gaskiyar asalinsa.

Kundin yana da mai gadi. Kamfanin Meta, mai WhatsApp, na duba duk abin da aka ɗora, kuma ƙa'idarsa ta hana taba, da giya, da makamai, da dabbobi masu rai. Mai kiwon da ke son jera ragunan layya zai ga ana ƙin karɓarsu. Masu magunguna ma sukan gamu da haka.

Sai hanyar isar da talla, inda mutane suka fi ƙonewa. Jerin saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar shagon a wayarsa. Baƙo zai kwashe lambobi daga zaurukan dangi da na tsofaffin ɗalibai, ya aika, ya ga alama ɗaya tak, ya ɗauka matsalar sabis ce. To ba ita ba ce. Idan kuma ya koma bin mutane ɗaya-ɗaya da talla daga sabon layi, wasu za su toshe shi, wasu su kai ƙara, kafin mako ya zagayo an rufe asusun. Haka ma amfani da jabun manhajoji irin su GB WhatsApp, hanyar rufewa ce kai tsaye. Hanyar da ke aiki a hankali take: duk wanda ya sayi kaya a ce masa ya ajiye lambar a nan take, a tsaye, shago ma ya ajiye tasa. Daga nan sitatus zai yi sauran aikin. Yana ɓacewa bayan awa 24, saboda haka hoto 4 ko 5 a rana da farashi a jiki sun wadatar. Mai zuba 40 a jere, wucewa ake yi.

Akwai ƙananan kayan aiki da ke rage wahala. Saƙon maraba yana fita da kansa ga wanda ya yi magana karon farko, ko bayan kwana 14 shiru. Gajere ya isa: sallama, lokacin buɗewa da rufewa, da cewa ranar Juma'a ana tashi kafin masallaci. Amsoshin da aka ajiye suna fitowa idan an danna alamar /, kuma a nan ya kamata lambar asusun banki ta zauna, don kada a riƙa buga ta da hannu ana kuskure. Alamomin launi kuma suna raba wanda ya biya, da wanda ake bi bashi, da wanda kayansa ke tasha. Rauninsu duka shi ne rubutu ne. Kwastomomi da yawa da murya suke ciniki, kuma manhajar ba ta da wata dabara a kan wannan: dole mutum ya zauna ya saurara, ya amsa.

Biyan kuɗi a cikin manhajar, irin wanda ake yi a Indiya da Brazil, babu shi a nan. Tura kuɗi ake yi ta banki ko OPay ko Moniepoint, a Nijar kuma ta Nita ko Amana. Hoton rasit ba shaida ba ne, haɗa shi ake yi. Kaya ba sa barin shago sai an buɗe manhajar banki an ga kuɗin da ido.

Batun cewa tallar waya ta fi ta takarda da kyalle tsabtar muhalli gaskiya ne, kuma ana iya auna shi. Takardar talla mai sheƙi, rabin A4, mai kaurin giram 135 a kowace murabba'in mita, tana da nauyin giram 4 da ɗan kai, wato guda 1,000 sun haura kilo 4, kuma yawancinsu a ƙasa suke ƙarewa kafin a kai ƙarshen layi. Kyallen talla na roba ya fi muni. PVC ne, mai tsawon mita 3 da faɗin mita 1 yakan wuce kilo 1, ba ya ruɓewa, in an ƙona shi hayaƙinsa guba ne, in an yar da shi ya haɗu da leda ya toshe kwata, da damina a ga sakamako. Ita kuwa wayar da batirinta ya kai mAh 5,000, in ana cika ta sau ɗaya kullum, wutar da za ta ci a shekara ba ta wuce yunit 7 zuwa 10 ba, ƙaramin faifan sola mai wat 20 zai riƙe ta. Ribar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta zirga-zirga: matar da da za ta hau adaidaita daga Hotoro zuwa Kwari don ta duba ko zanen da take so ya zo, yanzu daga ɗaki za ta gani. Allo ɗaya dai ya kamata ya rage a bakin shago, na ƙarfe ko katako da fenti, da sunan shago da lambar waya, ba farashi. A kan kanta kuma a manna hoton lambar QR da manhajar ke bayarwa. Don rubutawa a Facebook, mahaɗin shi ne wa.me/ sai 234 sai lambar ba tare da sifilin farko ba, a Nijar 227, a Ghana 233.

Tallar biya, wadda ke fitowa a Facebook da Instagram ta kawo mutum kai tsaye cikin hira, tana aiki, amma ba a makon farko ba. A Najeriya ana ƙara mata harajin kashi 7.5 tun Janairun 2022, kuma in ba a taƙaita ta ga gari ɗaya ba, kuɗin zai ƙare a kan masu tambayar "nawa?" daga inda ba a kai kaya. Sai kundi ya zauna, an kuma sami mai amsa saƙo cikin awa ɗaya.

Wanda zai koma waje yana iya ci gaba da sa ido, don ana haɗa na'ura har 4 da asusu ɗaya, tasa na iya zama ɗaya daga ciki. Sharaɗin shi ne babbar wayar ta shago kada ta yi kwana 14 ba a buɗe manhajar a kanta ba, in ba haka ba sauran za su fita. Sa ido dai, ba ciniki ba. Mutumin da ke Birmingham bai san an sayar da turmi na ƙarshe da hantsi ba, in ya amsa wa kwastoma cewa akwai, Yaya ne zai sha kunya. Kwana uku na ƙarshen hutu, baƙon ya cire hannunsa gaba ɗaya, ƙanin da za a bar wa aikin ya ɗauki hoto da kansa, ya canza farashi, ya ɓoye abin da ya ƙare, shi yana kallo. A kashe saukar hotuna da bidiyo ta atomatik don data ta yi auki. A saita ajiyar hira a Google Drive duk mako, da imel na shago, ba tare da bidiyo ba, domin tun 2024 ajiyar WhatsApp tana ci ne daga cikin gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta, kuma in ta cika tsayawa take yi.