Kwana 23 ina zubar da jini a Houston, ba ni da inshora

Adda,

Ina gaishe ki da kyau, da Inna da yara da duk mutanen Bolari. Kin yi ta yi mini faɗa a waya wai na ɓoye muku rashin lafiyata sai da na miƙe. Gaskiyarki ce, ki yafe ni. Ga labarin nan, kuma ina so ki karanta wa matan gidanmu, musamman masu ganin duk wanda ya taka Amurka ya rabu da wahalar asibiti.

Kin san al'adata kwana 6 ce tun muna 'yan mata. Wannan karon ta zo ta ƙi tafiya. Na ƙara kwana 3 kamar yadda aka koya mana a Islamiyya, na yi wanka, na ci gaba da sallah tunda ya zama jinin ciwo. Ta wajen ibada na san abin yi. Ta wajen jiki kuwa sai na zuba ido, kullum ina cewa gobe zai ɗauke. Da aka shiga mako na uku, guda-guda yake fita, auduga ba ta kai awa biyu, in na hau matakala huɗu sai haki. Ga wani kwaɗayin ƙanƙara da ya same ni, in cika kofi in zauna ina ta gurgura kamar mai cin gyaɗa. Daga baya likita ta ce alamar ƙarancin jini ce, irin yadda wasu mata a gida suke maƙale wa farar ƙasa.

Ta fannin kaya dai sun fi mu, ba gardama. Audugar mata layi guda take ci a kanti: ta dare, ta rana, mai fuka-fuki, har da mai kamar wando. Ki ɗauka ki biya, ba mai kallonki, ba wani yaron kemis da zai naɗe miki ita a baƙar leda yana murmushi. Ƙwayar ƙarin jini da ibuprofen ma a kan kanta suke, kwalba-kwalba. Amma iyakar abin da hannunki zai kai ke nan. Na tuna yadda mata suke sayen Primolut, ƙwayar tsayar da al'ada, a kemis in za su Hajji ko in azumi ya matso, na je na kwatanta wa mai ba da magani. Ta ce sai da takardar likita. A lokacin na ji haushi. Yanzu na ga dalilinsu, domin wadda jini ya ƙi ɗauke mata tana iya zama ɓari ta yi ba ta sani ba, ko ciki ne a wajen mahaifa, ƙwaya kuma sai dai ta rufe ciwon.

Matsalar ita ce ganin likitan. A ƙasar nan yawancin mutane daga wurin aiki suke samun inshorar lafiya, maigida kuwa tuƙi yake yi na ƙashin kansa. Akwai Medicaid na marasa ƙarfi, amma sabon zuwa ko da yana da katin zama sai ya shekara 5 kafin a saurare shi, ga shi jiharmu ta Texas tana cikin waɗanda suka ƙi faɗaɗa tsarin. Na buga wa ofishin likitan mata har uku. Kafin a tambaye ni me ke damuna sai an tambayi wane kamfanin inshora nake da shi. Ɗaya ta ce akwai gurbi bayan mako biyar. Mako biyar, Adda, ga mai zubar da jini!

Daren kwana na 19 jiri ya ɗebe ni a banɗaki. Maigida ya ce zai kira motar asibiti, na ce kada ya soma, ita ma kuɗi ce mai zaman kanta. Ya sa ni a mota muka tafi sashen gaggawa. A nan zan yaba musu: tun 1986 suke da doka cewa ba a korar mai larurar gaggawa don ba shi da kuɗi. Ba wanda ya ce a je a yanki kati, ba wanda ya tura maigida sayen safar hannu ko ledar ruwa cikin dare. Suka gwada ko ciki ne, suka auna jini suka ce ya sauka zuwa 8, alhali na mace bai kamata ya gaza 12 ba. Aka yi mini ƙarin ruwa, aka ba ni magani, aka sallame ni kafin asuba da cewa in nemi likitan mata. Wato an komar da ni inda na fito.

Bayan sati uku takardu suka fara shigowa. Ta asibiti daban, ta likitan da ya tsaya a kaina minti biyar daban, ta ɗakin gwaji daban. Da maigida ya haɗa su sai ya yi shiru ya tafi masallaci. Kuɗin ya haura abin da muke biya na hayar gida wata biyu. A Gombe kuɗin ne a gaba, magani a baya, kina gani da idonki. A nan magani ne a gaba, kuɗin ya biyo ki har gida.

Wata Hajiya 'yar Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Juma'a ita ta buɗe mana ido, Allah ya saka mata. Ta kalli leɓɓana ta ce, “'Yata, ke ba ki da jini.” Ta ce akwai ƙananan asibitocin unguwa da gwamnatin tarayya ke tallafawa, suna yanke kuɗi gwargwadon samun mutum, ba sa kora. Sai ki kai shaidar abin da mijinki ke samu da yawan mutanen gidanku. Ita ce kuma ta ce mu koma babban asibitin mu nemi fom ɗin sassauci, domin duk asibitin da ba na riba ba doka ta wajabta masa tsarin rage wa marasa hali. Fom ɗin yana nan, amma in ba ki tambaya ba babu mai miƙo miki. Muka cike, aka yafe mana kaso mafi yawa, sauran muna biya wata-wata. Yanzu kuma mun nemi tallafin ƙaramar hukumarmu ta Harris, wanda kowa ke ce wa Gold Card.

A asibitin unguwar wani abin dariya ya faru. Nas ta ga ina laluben Turancin sassan jiki, sai ta ce za ta kira tafinta ta waya, kyauta ne. Sai ga muryar namiji, Hausarsa irin ta mutanen Maraɗi: “Hajiya, likita na tambaya, auduga nawa kike canjawa a wuni?” Wallahi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na rufe fuska da mayafi, ga shi ba ya ma ganina. Amma na daure na faɗa, kuma da wannan lissafin likitar ta yi aiki. Ta tambayi ko ina allurar tazarar haihuwa ko ina da ashana a hannu, domin su ma suna jawo haka. Ta sa aka duba sinadarin maƙogwaro, wato thyroid, ta rubuta sikanin.

Sikanin nan ne ya sa na yi kewar gida. A Gombe ki hau Keke Napep da safe, a ɗora miki na'ura, mai yi yana nuna miki allo yana bayani, kafin azahar takarda tana jakarki. A nan sai likita ta rubuta, sai an ba ki rana, mai ɗauka kuma ko ki yi ta tambaya ba za ta ce miki uffan ba, sai wani likitan ya karanta ya aika. Kwana 8 na yi ina jira. Wayon da na koya shi ne in tambayi farashin mai biya da aljihunsa tun kafin in je, kuma tun 2022 doka ta ba mara inshora damar a rubuta masa ƙiyasin kuɗi. Wuri biyu na tambaya, ɗaya ya kusa ninka ɗaya.

Ƙari ne a mahaifa, guda biyu, ba masu girma ba, kuma ba daji ba ne. Likita ta ce ya fi yawa a baƙaƙen mata. Ta ba ni tranexamic acid, maganin rage zubar jini, ana shansa a kwanakin jinin kawai, ba ya wuce kwana 5, kuma da takardar rangwame ta GoodRx a waya na saye shi da sauƙi. Ta hana ni aspirin, ta ce yana ƙara zubar. Ƙwayar ƙarin jini kuma ta ce kada in haɗa ta da shayi ko madara, gara ruwan lemu. Na tuna Maltina da madarar da Inna ke dama mana in an ce jini ya yi ƙasa. Kada ki gaya mata, amma hanta da nama sun fi su aiki nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa na dage da rubutun nan shi ne zancen 'yar Goggo da kika yi mini, cewa tun bayan haihuwarta al'adarta ke kai kwana goma sha, ana ta jiƙe-jiƙe. Duk jinin da ya wuce kwana 7, ko yake cika auduga cikin awa ɗaya, na asibiti ne. Ku kuna da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru a cikin gari, ga likitocin mata da za ta yi wa bayani da harshenta. Ki raka ta da kanki, don na san ita kaɗai za ta je ta ce ciwon kai ne. A auna mata jini, a yi sikanin. Ki kuma tambayo mini yadda ake shiga GoHealth, tsarin inshorar lafiya na jihar Gombe, in da hali zan biya muku ke da ita da Inna.

Kuɗin kati da na gwaji zan turo ta hannun ƙaninmu ranar Litinin. In an sami mai tahowa, a haɗo mini kuka da daddawa, da busasshen zogale in akwai.

Ƙanwarki.