Saikoloji ko kimiyyar ƙwaƙwalwa, ko kuwa a haɗa su biyun?

Ƙanwata, na ga tambayarki. Kin gama sakandare a ɓangaren kimiyya, ranki yana kan ilimin halayyar ɗan Adam, wato saikoloji, amma sha'anin ƙwaƙwalwa ma yana jan ki, ga shi kin ji wasu jami'o'in waje suna haɗa su a digiri ɗaya. Kina son sanin bambancinsu, da ko haɗawar tana da riba.

Abin da suke bi duk ɗaya ne: me ke sa mutum tsoro, mantuwa, fushi, ko kamuwa da shaye-shaye? Wurin farawa ne ya raba su. Mai saikoloji daga waje yake farawa, yana duba abin da mutum ya aikata da abin da ya faɗa, ya auna, ya kwatanta da na wasu. Mai kimiyyar ƙwaƙwalwa daga ciki yake tasowa, daga ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86 da ke cikin kan mutum, da yadda suke miƙa wa juna saƙo.

A aji ne za ki fi jin bambancin. A saikoloji za ki karanta yadda hankalin yaro ke girma, yadda jama'a ke juya ra'ayin mutum, da cututtukan taɓin hankali. Karatu ne mai yawan littafi da rubutu, sai fita da takardun tambayoyi zuwa makaranta ko asibiti. A kimiyyar ƙwaƙwalwa kuwa farar riga za ki saka. Za ki zauna gaban madubin ganin ƙwayoyin halitta kina duba yankan ƙwaƙwalwar ɓera da aka rina, za ki koyi yadda sodiyom da fotashiyom ke shiga da fita ta fatar ƙwayar jijiya har a samu ɗan lantarkin da ke ɗaukar saƙo, da aikin sinadarai irin su dofamin. Wanda kemistiri ke ba shi wuya, a nan zai sha fama. Abu ɗaya da ba mai kuɓuce masa a ɓangarorin biyu shi ne lissafin ƙididdiga. Da yawa suna gudowa saikoloji don tsoron lissafi, sai su tarar da shi yana jiransu tun shekarar farko. Ki shirya masa tun yanzu.

Dalilin da ya sa nake ganin darajar haɗa su, labarin wani bawan Allah ne a Amurka, Henry Molaison. A 1953, yana ɗan shekara 27, farfaɗiya ta hana shi sakat, sai likitan tiyata William Scoville ya cire masa wani sashe na ƙwaƙwalwa hagu da dama, ciki har da mafi yawan wurin da ake kira hipokampos. Farfaɗiyar ta lafa, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon abin da ya faru da shi ba. Za ku gaisa da shi, ki fita ki dawo, ya karɓe ki a matsayin baƙuwa. Scoville ya san naman da ya cire. Wadda ta gano abin da mutumin ya rasa da abin da ya rage masa kuwa ita ce Brenda Milner, wadda ta karanta saikoloji a Kambirij, tana zuwa daga Montireyal ta Kanada. Ta ba shi fensir da zanen tauraro, ta ce ya bi layin alhali hannunsa a madubi kawai yake gani. Abu ne mai rikita kowa a farko. Kwana uku suna yi, kullum hannunsa na ƙara faɗawa, kullum kuma yana cewa bai taɓa gwadawa ba. Da fensir da madubi aka gane cewa ajiyar gwanintar hannu daban take da ajiyar abin da ya faru. Da tiyatar kaɗai aka tsaya a kai, da ba a gane haka ba, da kuma gwajin kaɗai ne, da ba a san wurin ba. May-Britt Moser da Edvard Moser, da suka samu kyautar Nobel a 2014 tare da John O'Keefe kan yadda ƙwaƙwalwa ke gane wuri, su ma saikoloji suka fara karantawa a Oslo.

To amma digirin haɗaka yana da nasa farashin. Shekarun ba sa ƙaruwa don an haɗa fanni biyu, dole a rage wani abu a kowane ɓangare. Jami'o'i irin su King's College ta Landan da ta Manchesta suna da irin wannan kwas, kuma a Birtaniya abin da za ki fara dubawa shi ne ko ƙungiyar masana saikoloji ta ƙasar, BPS, ta amince da shi. In babu amincewarta, ba za ki wuce kai tsaye zuwa horon duba marasa lafiya ba, sai kin yi wani kwas na cike gurbi, da kuɗinsa da shekararsa.

A Najeriya tsarin daban ne. Saikoloji yawanci a tsangayar kimiyyar zamantakewa yake. Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe sashensa a 1964, a Arewa kuma na Jami'ar Jos sananne ne. Masu binciken ƙwaƙwalwa kuwa galibi ta anatomi (ilimin tsarin sassan jiki), fisiyoloji (ilimin yadda jiki ke aiki) ko ilimin magunguna suke biyowa, su ƙware a digiri na biyu da na uku. Saboda haka a gida haɗawar ke za ki yi wa kanki, ta darussan zaɓi da aikinki na shekarar ƙarshe. Abin farin ciki, an samu BioRTC, wata cibiyar bincike da horo kan kimiyyar lafiya, a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda Dakta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranci kafawa, inda ake horar da matasa da kayan aiki na zamani.

Magana ɗaya nake so ki kai wa iyayenki kafin a cike fom: babu ɗaya daga cikin biyun da zai mai da ke likita. Mai rubuta magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Kware a Sakkwato, likitanci ya karanta sannan ya ƙware. Mai saikoloji yana aiki kusa da shi, yana auna majiyyaci, yana yi masa magani ta hanyar zama da tattaunawa, wannan ma sai ya yi digiri na biyu. Mai kimiyyar ƙwaƙwalwa akasari bincike da koyarwa ne makomarsa, tafiyar kuma doguwa ce.

Ra'ayina, idan abin da ke taɓa miki zuciya shi ne zama da matar da ta shiga damuwa bayan haihuwa, ko yaron da rikici ya raba da garinsu ba ya iya barci, ki ɗauki saikoloji, ki riƙe darussan ƙwaƙwalwa da ke cikinsa da muhimmanci, don muna matuƙar buƙatar masu wannan aiki da Hausa. Idan kuma son sanin yadda abin ke aiki a ciki ne ke hana ki sukuni, ki shiga fisiyoloji ko anatomi. Dalili shi ne, koyon saikoloji daga baya ya fi sauƙi a kan cike giɓin kemistiri da bayoloji, kuma ke da kika fito daga ajin kimiyya kina da tushen a hannu. Kafin ki zaɓa, ki buɗe kundin JAMB na bana ki ga darussan da kowace jami'a ke nema, domin sharuɗɗan saikoloji sun bambanta daga wannan jami'a zuwa waccan.