Kulob ko gunduma: amsar tambaya kan Henry Shefflin

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda aka yi ɗan wasan hurling a ƙasar Ailan yake buga wa ƙungiyoyi biyu, kulob da gunduma, a shekara ɗaya, da kuma wacce ta fi girma. Tarihin Henry Shefflin ya isa ya amsa duka biyun.

Hurling dai wasa ne na mutum 15 a kowane ɓangare, da sandar katako mai faɗin baki da 'yar ƙaramar ƙwallon fata. In ta shiga raga maki 3, in ta bi ta saman sandar gola maki 1. Hukumar wasannin gargajiyar Ailan, GAA, wadda aka kafa a 1884, ita ke riƙe da wasan, kuma har yau ba a biyan 'yan wasa albashi. Shefflin kansa, lokacin da yake wasa, aikin banki yake yi da rana, da yamma ya tafi atisaye.

Kulob shi ne na garinku. Ba a sayenka, ba a sayar da kai. An haifi Shefflin a 1979, ya tashi a ƙauyen Ballyhale da ke gundumar Kilkenny, don haka Ballyhale Shamrocks ya buga wa tun yana yaro har ya ajiye sanda. Gunduma kuwa zaɓe ce: kocin Kilkenny, Brian Cody a lokacin, zai duba kulob-kulob ɗin yankin ya tsamo gwanaye. Ta wannan fuskar ta yi kama da kiran ɗan ƙwallon ƙafa zuwa tawagar ƙasa.

A gunduma ake yin suna. Daga 1999 zuwa 2014 Shefflin ya sa rigar Kilkenny mai ratsin baƙi da rawaya, ya ci kofin ƙasa na All-Ireland sau 10, ya zama gwarzon shekara a 2002 da 2006 da 2012. Wasan ƙarshe a filin Croke Park na Dublin ake yinsa, gaban mutum sama da 82,000, minti 70. Can ne aka ga irin zuciyarsa. A 2007, yana kyaftin, jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasan ƙarshe da Limerick, bai dawo bayan hutun rabin lokaci ba, amma shi ya hau ya ɗaga kofin. A 2010 ciwon ya sake samunsa makonni kaɗan kafin wasan ƙarshe, ya dage sai ya buga saboda Kilkenny na neman kofi na biyar a jere. Ko kwata awa bai yi ba aka fitar da shi yana ɗingishi, Tipperary ta yi nasara.

Ɓangaren kulob ne ya fi taɓa ni, kuma shi ne mutanen waje ba su cika lura da shi ba. Kilkenny tana da gunduma guda ta zaɓa daga ciki. Ballyhale ba ta da kowa sai 'ya'yan da aka haifa mata, 'yan gidaje ƙalilan irin su Fennelly da Reid, wa da ƙane da ɗan baffa a fili ɗaya. Tun 1991 rabon ƙauyen da kofin gundumarsu. Shefflin ya riga ya tara kofin ƙasa 4 da Kilkenny kafin ya ci na gunduma ko sau ɗaya da garinsu, a ƙarshen 2006. Daga nan ƙofa ta buɗe, suka ci kofin kulob-kulob na ƙasa baki ɗaya a 2007 da 2010 da 2015. Wasan kulob minti 60 ne, yawanci cikin sanyi da taɓo, kuma masu kallon su ne maƙwabtan da za ka haɗu da su a kanti washegari.

To wacce ta fi? In matakin gwaninta kake nufi, gunduma ce ba gardama, domin can ne gwani ke karo da gwani. In wahalar samu kake nufi, ni na fi ba kofuna 3 na Ballyhale nauyi, saboda ƙauye ba ya iya cike giɓi da baƙo. Shefflin ya bar Kilkenny a watan Maris na 2015, kwanaki kaɗan bayan sun doke Kilmallock a wasan ƙarshe na kulob. Bai bar Ballyhale a lokacin ba, kuma da ya koma koci can ya fara, ya sake kawo musu kofin ƙasa a 2019 da 2020.