Kafin ka sayi tsirkiyar jita a Garwa ta Kamaru

Duk wanda ya taɓa ɗaure garaya ya san zancen: tsirkiya mai kauri sai an ja ta sosai kafin ta kai sautin da ake so. Haka jita take. Tsaurinta na zuwa ne daga kaurin tsirkiya, da tsawonta daga jaki (abin da tsirkiya ke hawa a jikin jita) zuwa kai, da sautin da aka ɗaure ta a kai.

Lambar da ake kiran fakitin tsirkiya da ita, kaurin 'yar siririyar cikinsu ce. A jitar lantarki, 009 laushi gare ta, ɗan koyo zai ji daɗinta, sai dai in hannunka da nauyi sautin zai riƙa zamewa. Ni 010 nake sa wa tawa, don wasan biki kan kai mu asuba, kuma ba ta cin yatsa kamar 011. Ka kula da tsawon tsirkiya daga jaki zuwa kai ma: a jitar lantarki samfurin Stratocaster inci 25.5 ne, a samfurin Les Paul 24.75, shi ya sa lamba ɗaya ta fi tsauri a ta farkon.

Inda ake ɓarna shi ne jitar da ba ta lantarki ba. Fakitin ƙarfe mai lamba 012 yana jan katako da nauyin da ya kai kilo 70, na nailan kuwa wajen 40. Ƙanena ya taɓa sa wa jitar nailan na ƙarfe, wai mai shago ya ce masa sun fi ƙarko. Hunturu ne, katako ya bushe ƙayau. Kwana kaɗan muka ji ƙas! cikin dare, da safe ga jaki ya ɗago, manne ya saki.

Jitar bas kuwa, fakiti mai kauri daga 045 zuwa 105 a kan tsawon inci 34 daga jaki zuwa kai ya ishe ka kiɗan makosa na Kamaru da duk abin da ya biyo baya.

Sauran magana ta gumi ce. Zafin Afrilu a Garwa kan wuce digiri 40, tsirkiya ta yi tsatsa nan da nan. Tsirkiyoyi masu rufin kariya irin na kamfanin Elixir sun fi na gama-gari na kamfanin D'Addario tsada, amma sun fi jure gumi. In sefarka ba ta kai ba, sayi na gama-garin, ka riƙa goge su da tsumma bayan wasa. Kuma duk ranar da ka canza lamba, kai jitar wurin mai gyara ya daidaita ƙarfen da ke cikin wuyanta.